Koyon Ibrananci na Da da na Zamani a Jami'a: Sharhi kan Littattafan Koyarwa da Giɓin da ke Tsakaninsu

1. Gabatarwa

Ibrananci harshe ne na reshen Semitik, daga cikin babban gidan harsunan da masana ke kira Afro-Asiya, watau gidan da Larabci da Tamajak da tsohon harshen Masar da Hausa suke ciki. An daɗe ƙwarai ana rubuta shi. Rubutun da aka sassaƙa a bangon ramin ruwa na Silowam, a birnin Ƙudus, ya kai wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa, a yau kuwa mutane wajen miliyan 9 suna magana da shi, mafi yawansu a ƙasar Isra'ila.

A jami'o'i da yawa na Turai da Amurka darasi biyu ake yi wa wannan harshe. Akwai darasin harshen da, wanda galibi yake hannun sashen nazarin addini, akwai kuma darasin harshen zamani, wanda yake hannun sashen harsuna. Kowane yana da malamansa da littattafansa da jarrabawarsa. Wannan sharhi zai duba littattafai huɗu da suka yi suna a fagen: na Jacob Weingreen da na Thomas Lambdin a gefen harshen da, sa'an nan littafin da ake kira *Ivrit min ha-hathala* da na Haiim Rosén a gefen harshen zamani. Abin da za a nuna shi ne kowane littafi ya yi aikin da marubucinsa ya nufa, amma tsarin da ya haife su ya bar rubuce-rubucen shekaru wajen 2,000 a tsakani, kuma a cikin waɗannan shekarun ne bayanin harshen zamani yake.

2. Asalin rabuwar

Rabuwar tana da tarihi. Ibrananci ya shiga jami'o'in Turai ne ta ƙofar malaman Kirista. A shekarar 1312 taron shugabannin coci da aka yi a Vienne, a ƙasar Faransa, ya yi umarni a kafa kujerun koyar da Ibrananci da Larabci da Aramiyanci a Paris da Oksfod da Bolonya da Salamanka. A 1506 Bajamushe Johannes Reuchlin ya buga littafin nahawun Ibrananci da harshen Latin. A 1530 aka naɗa malamin Ibrananci a makarantar sarki ta Paris, wadda daga baya ta zama Collège de France. A 1813 Wilhelm Gesenius ya fitar da nahawunsa a Halle, aka yi ta gyara shi ana sake bugawa har kusan shekara ɗari, kuma fassararsa ta Ingilishi ta 1910 tana nan a hannun ɗalibai. Da Faransanci kuwa akwai nahawun Paul Joüon, wanda aka buga a Roma a 1923.

Bukatar mafi yawan waɗannan malamai ita ce su karanta Tsohon Alkawari, watau Attaura da littattafan annabawa da Zabura da sauransu, a harshensa na asali. An sami kaɗan daga cikinsu, kamar gidan Buxtorf na Basel, da suka shiga rubuce-rubucen malaman Yahudawa na baya, amma tsarin karatu bai bi su ba. Har a cikin Yahudawa kansu an sami mai raina harshen da ya biyo bayan Littafin. A 1845 Abraham Geiger ya ce harshen Mishna, watau kundin shari'ar Yahudawa da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya, ƙirƙirarren harshe ne na malamai waɗanda Aramiyanci ne harshensu na gida. M. H. Segal ya rushe wannan ra'ayi a nahawunsa na 1927, inda ya nuna cewa harshen Mishna ya tsiro ne daga maganar jama'a. Wasiƙun Bar Kokhba, madugun tawayen da aka yi wa Rumawa daga shekara ta 132, waɗanda aka tono a kogunan hamadar Yahudiya a tsakiyar ƙarni na 20, sun ƙarfafa hujjar Segal, domin an tarar da irin wannan Ibrananci a cikin saƙonnin yau da kullum na mayaƙa. Duk da haka jadawalin darussa bai sake ba.

Harshen zamani kuwa ta wata ƙofa ya shigo. Eliezer Ben-Yehuda ya sauka Falasɗinu a 1881 da niyyar mayar da Ibrananci harshen gida da kasuwa. A 1890 aka kafa kwamitin harshe a Ƙudus. A 1913 malamai da ɗalibai suka yi bore don kada Jamusanci ya zama harshen koyarwa a makarantar fasaha da ake ginawa a Haifa, suka kuma yi nasara. A 1922 Ibrananci ya zama ɗaya daga cikin harsunan hukuma uku na mulkin Ingila a Falasɗinu, tare da Ingilishi da Larabci. A 1949 aka buɗe makarantar farko ta koya wa baƙi manya harshen cikin gaggawa, wadda ake kira *ulpan*, a 1953 kuma aka kafa Cibiyar Harshen Ibrananci. Dabarar ulpan ita ce jami'o'in waje suka ara. Ke nan darasi ɗaya ya gaji limamai masu fassara nassi, ɗayan ya gaji malaman da ke shirya baƙo don neman aiki da sayayya a kasuwa.

3. Littattafan harshen da

Littafin Weingreen, malami a Dublin, ya fito a 1939 da sunan *A Practical Grammar for Classical Hebrew*, aka sake buga shi da gyara a 1959. Na Lambdin, malami a Harvard, ya fito a 1971 da sunan *Introduction to Biblical Hebrew*, cikin darasi 55. Duka biyu an fassara su da Faransanci.

Abin yabo na farko a gare su shi ne yadda suka kafa ɗalibi a kan saiwar kalma. A Ibrananci, kamar a Larabci, mafi yawan kalmomi suna fitowa ne daga saiwa mai baƙi uku, wasula da ɗafe-ɗafe su ba ta siga. Daga k-t-b ake samun *katab* “ya rubuta”, da *koteb* “mai rubutawa”, da *niktab* “an rubuta shi”, da *miktab* “rubutu”. Aikatau yana da gini bakwai, kuma Weingreen yana bi da ɗalibi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, da haƙuri irin na malamin allo, yana sa shi juya jimloli daga Ibrananci zuwa harshensa, da kuma daga harshensa zuwa Ibrananci. Wanda ya gama wannan horo da wuya ya ga aikatau a shafi ya kasa gane saiwarsa. Akwai dai wurin da sauƙaƙawa ta yi yawa. Misalin da aka saba bayarwa na gini mai shadda shi ne *shabar* “ya karya” da *shibber* “ya kakkarya”, har ɗalibi ya ɗauka cewa shadda kullum ƙarfafawa take nufi. Ernst Jenni ya nuna a 1968 cewa sau da yawa aikin wannan gini shi ne mayar da abu wani hali, kamar *gadal* “ya girma” da *giddel* “ya rena, ya girmar”.

Lambdin ya fi Weingreen a wajen ginin jimla, musamman a kan sigar aikatau ta ba da labari. A zuben Littafin, idan ana jera abubuwan da suka auku, ba a amfani da sigar shuɗaɗɗen lokaci ta *amar* “ya ce”. Sai a ɗauki wata siga mai kama da ta lokaci mai zuwa, a ɗafa mata *wa-* a goshi tare da shadda, a ce *wayyomer*. Tsofaffin manahawta sun kira wannan harafi “wawun juyawa”, wai yana juya lokaci mai zuwa ya koma shuɗaɗɗe, kuma wannan bayani ya daɗe yana rikita ɗalibai. Kwatanta harsunan Semitik ya nuna cewa babu abin da aka juya: sigar ragowar wani tsohon shuɗaɗɗen lokaci ce, irin wanda ya saura a Larabci cikin *lam yaktub* “bai rubuta ba”. Mai jin Hausa ba zai sha wahalar gane aikinta ba, domin Hausa ma tana da siga ta musamman don jerin labari. Akan ce “Baƙi sun iso da safe”, daga nan sai “suka sauka, suka ci abinci, suka kwanta”, ko “sunka” a karin yamma. Abin da *suka* ke yi bayan *sun* shi ne kusan abin da *wayyomer* ke yi bayan *amar*. Lambdin ya koya wa ɗalibi ya lura da wannan sarƙa, ya kuma lura da inda ta tsinke, watau inda aka gabatar da suna a kan aikatau don a faɗi halin da ake ciki, kamar a ce “shi kuwa maigida yana barci”. Ya kuma ba shi labarin Annabi Yusufu da ƴan'uwansa a sauƙaƙe, don ya ga ƙa'idar tana aiki a cikin dogon zance. Wannan shi ne sashe mafi daraja a littafin.

Aibin littattafan biyu iri uku ne. Na farko yana bisa bangon littafin Weingreen: ya ce nahawun harshen da ne, alhali na Littafi Mai Tsarki ne kaɗai. Mai fassara shi da Faransanci ya fi faɗin gaskiya da ya sa masa suna *Hébreu biblique*. Kalmomin Littafin duka ba su wuce kimanin 8,000 ba, kuma da yawa daga cikinsu sau ɗaya tak suka fito. Kiran wannan ɗan yanki “harshen da” yana sa ɗalibi ya zaci cewa daga nan sai Ben-Yehuda.

Na biyu, sun gabatar da harshen Littafin kamar abu guda da bai taɓa sauyawa ba, alhali an rubuta shi ne cikin ƙarnoni masu yawa. Zuben littattafan Sama'ila da Sarakuna dabam yake da na Tarihi da Ezra da Esta da Mai Hadishi, waɗanda aka rubuta bayan zaman bauta a Babila. A na baya ɗin *ani* “ni” ya kusa kore *anoki*, *malkut* “mulki” ya rinjayi *mamlaka*, kalmomin Farisanci irin su *dat* “doka” da *pardes* “lambu” sun shigo, kuma a Mai Hadishi ɗan harafin *she-* “wanda, da” yana gogayya da *asher*. Waɗannan su ne alamun farko na harshen Mishna. Littafin da ya ɓoye su ya datse gadar tun daga tushenta.

Na uku ya shafi furuci. Baƙaƙe 22 na Ibrananci sun riga wasulansu da ƙarnoni da yawa. Malaman Ɗabariyya da ake kira Masoret su ne suka sa ɗigo da layuka na wasali a ƙarnonin farko na zamanin Musulunci, kuma aikinsu ya cika a kundin Halab na wajen 930 da kundin Leningrad, wanda aka rubuta a Alƙahira wajen 1008, wanda kuma a kansa aka ɗora bugun da jami'o'i ke amfani da shi. Furucin da ake koyarwa a aji kuwa ba nasu ba ne. Geoffrey Khan ya nuna haka a babban littafinsa na 2020, bisa shaidar wani littafin ƙira'a na ƙarni na 11 mai suna *Hidayat al-Ƙari* da kuma kwafe-kwafen da Yahudawa ƴan ɗariƙar Ƙara'i suka yi, inda suka rubuta nassin Ibrananci da baƙaƙen Larabci, watau wani irin ajami. Ba laifin Weingreen ko Lambdin ba ne da suka riga wannan bincike, amma malamin da ke koyarwa da su a yau wajibi ne ya gaya wa ɗalibi.

4. Littattafan harshen zamani

*Ivrit min ha-hathala*, ma'ana “Ibrananci tun daga farko”, aikin malamai mata uku ne na Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus: Shlomit Chayat da Sara Israeli da Hilla Kobliner. Yana bin tsohuwar dabarar koyar da Ibrananci da Ibrananci, wadda ta samo asali tun ƙarshen ƙarni na 19. Ɗalibi yana fara magana tun ranar farko, cikin ƴan watanni kuma yana iya tambayar hanya, ya rubuta gajeriyar wasiƙa, ya karanta labari mai sauƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibin Lambdin yakan shekara biyu bai taɓa haɗa jimlar kansa da baki ba, shi ya sa abin da ya koya yake saurin zubewa.

Sai dai saurin yana da farashi. Mafi yawan masu magana da harshen a yau sun bar shadda, sun bar bambancin dogon wasali da gajere, kuma baƙaƙe da dama sun haɗe a bakinsu: *ayin* ya koma kamar *alef*, *ƙof* ya koma kamar *kaf*, *ɗet* ya koma kamar *tav*. Rubutu kuwa bai sauya ba. Saboda haka *kol* da kaf “duka” ne, *kol* da ƙof “murya” ce; *ani* da alef “ni” ne, *ani* da ayin “matalauci” ne. Littafin ulpan yana barin ɗalibi ya haddace waɗannan ɗaya ɗaya. Wanda ya san Larabci zai gane nan take cewa na farko ɗan'uwan *kull* ne, wanda ke cikin “kullum”, na biyu kuma ɗan'uwan “ƙauli”.

Haka abin yake a ƙirar kalma. Ɗalibi yana koyon *safar* “ya ƙidaya” da *siper* “ya ba da labari”, saiwa ɗaya, amma nan f, can p. Yana koyon *katav* da *yikhtov*, nan k, can kh. Dalilin yana cikin tsohuwar ƙa'ida: wasu baƙaƙe shida suna laushi bayan wasali, sai fa in suna da shadda. Asalin *siper* shi ne *sipper*. Shaddar ta tafi, ta bar sawunta. Ƙa'idar da Weingreen ya bayyana a shafukansa na farko ita ce mabuɗin abin da ɗalibin ulpan ke haddacewa shekara da shekaru ba tare da sanin dalili ba.

Akwai kuma haɗarin ma'ana ga wanda ya ɗauki harshen zamani ya buɗe Littafin da shi. *Hashmal* a yau “wutar lantarki” ce, a littafin Ezekiyel kuwa wani abu ne mai walƙiya da annabin ya gani cikin wahayi. *Eƙdah* a yau “ƙaramar bindiga” ce, a Ishaya dutse ne mai daraja. *Olam* a yau “duniya” ce, a mafi yawan wuraren Littafin kuwa “dawwama” yake nufi. Ɗalibi zai ga kalmar da ya sani, ya wuce da tabbaci, alhali ya ɓata.

Littafin Rosén, wanda Jami'ar Shikago ta buga a 1962, ya yi ƙoƙarin haɗa gefen biyu, kamar yadda sunansa ya nuna: *A Textbook of Israeli Hebrew, with an Introduction to the Classical Language*. Tun a tsakiyar shekarun 1950 Rosén ya tayar da ƙura a Isra'ila da ya ce harshen da ake magana da shi yana da tsarin kansa, wanda ya kamata a bayyana yadda yake, a daina auna shi da mudun nassi ana kiran kowane bambanci kuskure. A littafin koyarwar ya fara da harshe mai rai, sa'an nan ya bi da ɗalibi zuwa harshen Littafin. Shawarar daidai ce, kuma har yanzu ba a sami littafin da ya fi shi zurfin tunani a kan wannan hanya ba. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne nauyinsa. Rosén ya ƙirƙiro wa lokutan aikatau sababbin sunaye waɗanda ba a samu a sauran littattafai, ya kuma rubuta bayaninsa kamar yana magana da masana ilimin harshe ƴan'uwansa. Ɗalibin shekarar farko yakan gaji da kalmomin nazari tun kafin ya kai ga harshen.

5. Abin da ya faɗa cikin giɓin

Idan aka ajiye jimlar jaridar yau kusa da jimlar littafin Sarakuna, za a ga manyan bambance-bambance. Babu sigar *wayyomer*. Sigar *kotev*, wadda a da siffar mai aikatawa ce, ta zama lokaci mai ci. Ana nuna mallaka da kalmar *shel*, a ce *ha-bayit shel ha-more* “gidan malami”. Ana haɗa jimla da *she-*. Duk waɗannan suna cikin harshen Mishna, tun ƙarnoni 17 kafin Ben-Yehuda. Har kalmomi ma biyu biyu harshen yau ya gada, ɗaya daga kowane zamani:

rana: *shemesh* a Littafin, *hamma* a Mishna
itace: *ets* a Littafin, *ilan* a Mishna
hanci: *af* a Littafin, *hotem* a Mishna
nan: *po* a Littafin, *kan* a Mishna

Marubuci yana zaɓar ɗaya ya bar ɗaya don ya nuna matsayin zance, kamar yadda Bahaushe ke zaɓa tsakanin “mutuwa” da “rasuwa” da “wafati”. Aba Bendavid ya cika juzu'i biyu da irin waɗannan tagwaye. Wanda bai san tushensu ba ba zai ji daɗin zuben S. Y. Agnon ba, marubucin da ya sami kyautar Nobel a 1966, wanda ya gina salonsa a kan harshen malaman Mishna da na bayansu.

Bayan Mishna, Ibrananci ya daina zama harshen goyo, amma ba a daina rubutu da shi ba, kuma mafi albarkar wannan zamani a ƙasashen Musulmi aka yi shi. A Ƙurɗuba, a ƙarni na 10, Dunash ben Labrat ya ɗora waƙar Ibrananci a kan ma'aunan arulin Larabci, abin da marubuta waƙoƙin Hausa su ma suka yi daga baya. A Masar, wajen 1180, Musa bin Maimun ya rubuta babban kundinsa na shari'a da harshen Mishna. A kudancin Faransa gidan Ibn Tibbon suka yi ta fassara littattafan falsafa da kimiyya daga Larabci, ta irin wannan fassara kuma kalmomi kamar *merkaz* “cibiya” da *ofeƙ* “sararin da ido ke iyaka” da *aƙlim* “yanayin ƙasa” suka shiga harshen, suna nan har yau. Yahuda al-Harizi ya fassara Maƙamatu na Hariri, littafin da almajiran ilimi suka sani a zaurukan Damagaram da Katsina da Sakkwato, sa'an nan ya rubuta nasa da Ibrananci.

A Turai ma gwaji ya nuna iyakar harshen Littafin. A 1853 Abraham Mapu ya buga ƙagaggen labari na farko da Ibrananci, da tsantsar salon Littafin, ya kuma sa labarin a zamanin Annabi Ishaya, inda salon ya dace. Da aka zo ba da labarin talakawan Yahudawa na ƙauyukan Rasha sai kalmomi suka gaza. Mendele Mokher Sefarim ne ya warware matsalar daga 1886, da ya gauraya harshen Littafin da na Mishna da na malaman baya. A kan wannan gauraye zuben zamani ya tsaya.

Rashin sanin wannan tarihi yana hana ɗalibi hukunci a kan babbar muhawarar fagen. Wasu suna cewa harshen yau shi ne na annabawa, ya farka daga barci. Wasu kuma, kamar Paul Wexler a 1990, sun ce harshen Turai ne da aka sa wa rigar Semitik, Ghil'ad Zuckermann kuwa ya ce ruwa biyu ne, Ibrananci da Yidish, harshen gida na mafi yawan waɗanda suka farfaɗo da shi. Tasirin Yidish gaskiya ne. Ana jin sa a furucin r na maƙogwaro, da ɗafa-ƙeyar *-nik* ta *kibutsnik*, da gaisuwar *ma nishma* “me ake ji?”, wadda aka kwaikwayo daga Yidish. Amma ɗalibin da ya san Lambdin da ulpan kaɗai zai jingina wa Turai duk abin da bai gani a Littafin ba, har da *shel* da *she-*. Sai wanda ya karanta Mishna ne zai iya rarrabe gadon gida da kayan aro. Wannan ya shafi masu tsara harshe a ko'ina, domin ana yawan kawo Ibrananci misalin harshen da mutum ɗaya ya tayar da ƙamus. Ƙamus ɗin Ben-Yehuda, wanda aka fara bugawa a 1908 aka kammala a 1959, mafi yawansa tattara abin da marubutan ƙarnoni suka bari ne. Kalmomin da shi kansa ya ƙirƙira kaɗan ne a cikinsa.

6. Ɗalibi mai Hausa da Larabci

Littattafan huɗu duka an rubuta su ne don mai jin harshen Turai, shi ya sa suke ɓata shafuka a kan abin da almajirin nahawu ya riga ya sani. Ilimin nahawun Ibrananci kansa a cikin Larabci aka haife shi. Yahuda ibn Ƙuraish na Tahart, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta wa Yahudawan Fas wasiƙa yana kwatanta Ibrananci da Aramiyanci da Larabci. Yahuda Hayyuj, haifaffen Fas mazaunin Ƙurɗuba, shi ya tabbatar wajen shekara ta 1000 cewa saiwar aikatau baƙi uku ce, har a aikatau masu harafin illa. Ibn Janah ya biyo shi da *Kitab al-Luma* da *Kitab al-Usul*. Dukansu da Larabci suka rubuta. Sunayen gine-ginen aikatau, *pa'al* da *pi'el* da *hif'il* da *nif'al* da *hitpa'el*, an ƙera su ne a kan ma'aunin *fa'ala*, kuma suna daidai da *fa'ala* da *fa''ala* da *af'ala* da *infa'ala* da *tafa''ala*. Wanda ya karanta sarfi a zaure ya riga ya yi rabin tafiya.

Ga mai nazarin dangantakar harsuna kuwa, tun da Joseph Greenberg ya tabbatar da harsunan Cadi a cikin gidan Afro-Asiya a 1950, sanin tsohon Ibrananci ya zama abin amfani. Akwai kamanni da masana ke ɗauka gado ne: “mutu” da *met*, “suna” da *shem*, “halshe” da *lashon*, “mi” da *ma*, da *-ka* na “gidanka” da na *betka*, da *ta* ta mace a aikatau, da *ma-* ta wuri da kayan aiki, kamar “mabuɗi” daga “buɗe” da *mafteah* daga *patah*. Amma sai an yi hattara. “Littafi” da *katab*, “sadaka” da *tsedaƙa*, “Asabar” da *shabbat*, duk ta hanyar Larabci suka haɗu, saboda haka ba hujjar dangantaka ba ne. Kuma kwatanci ba ya yiwuwa da furucin zamani, inda baƙaƙe suka haɗe.

7. Kammalawa

Weingreen ya fi kowa horar da ɗalibi a kan ƙirar kalma, Lambdin ya fi a ginin jimla, *Ivrit min ha-hathala* ya fi a sakin baki, Rosén kuma ya fi a hangen hanyar da ta dace, ko da yake ya yi wa mafari nauyi. Akwai jami'o'i, kamar Oksfod da Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus, inda wanda ya ɗauki Ibrananci babban fanninsa yake bi ta kowane zamani. Matsalar tana ga ɗimbin ɗaliban da ke yin shekara ɗaya ko biyu a gefe guda su fita.

Gyaran ba ya bukatar sabon littafi. A shekarar farko ana iya farawa da harshen zamani, muddin za a riƙe wasula a rubuce, a kuma bayyana ƙa'idar shadda da ta baƙaƙe masu laushi tun da wuri. A ta biyu a karanta zuben Littafin da Lambdin, a haɗa da sura ɗaya daga littattafan baya, kamar Esta ko Mai Hadishi, da babi ɗaya na Mishna. Nahawun Miguel Pérez Fernández na harshen malamai, wanda ya fito da Ingilishi a 1997, ya isa wannan aiki. A ta uku a ɗanɗana wa ɗalibi Musa bin Maimun da al-Harizi da Mendele da Agnon, a kuma koya masa amfani da taskar kalmomi ta *Ma'agarim*, wadda Cibiyar Harshen Ibrananci ta sa a intanet, inda ake bin kalma daga ƙarni zuwa ƙarni. Inda kuwa ɗalibai suka zo da Larabci, ya kamata malami ya fara daga abin da ke hannunsu, ya rage lokacin da ake ɓatawa a kan saiwa da gini, ya mayar da shi ga karatun nassi.